Gashin Kare Ma Tarihi Ne

'Yan uwa marubuta, a ƙarni na 19 Turawan Ingila suka samar da karen Flat-coated Retriever, mai ɗauko tsuntsun da aka harbo ko a ruwa ya faɗa. Dogon gashinsa rigar sanyi ce, sai da yawan taza. Sun kafa ƙungiyar Kennel Club a 1873, suna rubuta asalin karnukansu.

Mu kuwa a Kaoje ta Bagudo, bakin iyakar Jamhuriyar Benin, karen farautarmu gajeren gashi gare shi, daidai da zafi da ƙarangiya. Gyaransa cire kaska da ƙaya. Nasu na takarda, namu na bakin tsofaffin mafarauta. In suka ƙare ba mu tambaye su ba, wa za mu zarga?