Filippo Inzaghi

Filippo Inzaghi, wanda ake yi wa laƙabi da Pippo, tsohon ɗan wasan gaba ne na ƙasar Italiya. An haife shi a Piacenza ranar 9 ga Agusta, 1973, kuma a kulob ɗin garinsu ya fara taka leda. Tauraronsa ya haska a Atalanta a kakar 1996/97, inda ya zura ƙwallo 24, ya fi kowa cin ƙwallo a Serie A. Daga nan ya koma Juventus, ya lashe gasar a 1998, sannan ya tafi AC Milan a 2001.

Ba gwanin yanka ba ne, amma Allah ya hore masa sanin inda ƙwallo za ta faɗo. Yakan laɓe a kafaɗar mai tsaron baya na ƙarshe, kafin a ankara ya sulale. A wasan ƙarshe na gasar Zakarun Turai a Atina a 2007, shi ya ci wa Milan duka ƙwallaye biyun da ta doke Liverpool da su, 2-1. Ta farko bugun tazarar Pirlo ne ya goge shi ya shige raga. Ta biyu kuwa Kaká ya zuro masa, ya kewaye gola Reina.

Ya buga wa Italiya wasa 57, ya ci ƙwallo 25, yana cikin tawagar da ta ɗauki Kofin Duniya a 2006. Ya rataye takalma a 2012, ya rungumi aikin koci kamar ƙanensa Simone.