Yadda Masana Suka Koyi Ƙirga Abin da Ba Su Gani Ba

Mai sayen gero a kasuwa ba ya zazzage buhu don ya san kyawunsa, hannu kawai yake zurawa ya ɗebo, ya murza, ya yanke hukunci. Masu nazarin yawan nau'o'in halittu a daji ko a ruwa su ma da ɗiba suke aiki, sai dai buhunsu ba shi da gindi, abin da ke ciki kuma yana tafiya, yana ɓuya, yana hayayyafa. Shi ya sa nake ganin tarihin wannan fanni ya fi karkata ga koyon auna abin da ya kuɓuce wa mai ƙirga fiye da koyon ƙirgar kanta.

Abin da aka fara daina yarda da shi shi ne ido. A 1898 wasu matasa biyu a jihar Nebraska ta Amurka, Roscoe Pound da Frederic Clements, suka lura cewa mai yawo a filin ciyawa yana zuzuta tsiron da ke da fure mai ɗaukar ido, yana raina wanda ya lafe a ƙasa. Ana cewa gani ya kori ji, amma a nan ganin ne ke yaudara. Sai suka riƙa kafa turaku, suna keɓe fili mai kusurwa huɗu, mita biyar kowane gefe, suna ƙirga duk tsiron da ke ciki ɗaya bayan ɗaya. Pound daga baya ya koma shari'a har ya shugabanci makarantar lauyoyi ta Harvard, Clements kuwa ya zauna da turakunsa, kuma har gobe da irin wannan keɓaɓɓen fili ɗalibin ilimin tsirrai ke fara aiki.

Tsiro yana tsayawa a ƙirga shi, kifi kuwa ba ya jira. A 1896 wani masani mai suna Petersen na ƙasar Denmark ya riƙa maƙala wa kifi alama yana mayar da shi ruwa, a 1930 kuma Frederick Lincoln ya ƙiyasta yawan agwagin daji na Arewacin Amurka ta hanyar zobban ƙafa da mafarauta ke dawo da su. Lissafin mai sauƙi ne. A ce ka kama kifi 100, ka sa musu alama, ka sake su. Bayan kwanaki ka kama 60, ka tarar da 12 masu alama, wato ɗaya cikin biyar. Ke nan kifi 100 ɗin nan kashi ɗaya ne cikin biyar na abin da ke tafkin, kusan 500. Da haka aka sa wa abin da ba a taɓa kamawa ba lamba.

Babban sauyin ya zo ne daga malam-buɗe-littafi. Wani Baturen Ingila, Steven Corbet, ya tara su a Malaya, ya rubuta sau nawa ya kama kowane nau'i. Nau'o'i 118 sau ɗaya tak ya same su, 74 kuma sau biyu. Duk wanda ya dubi wannan jeri zai gane cewa aikin bai ƙare ba, domin idan nau'o'in da suka faɗo raga sau ɗaya sun kai haka, akwai 'yan uwansu da yawa da saura ƙiris su faɗo amma suka tsira. Ronald Fisher, gwanin lissafi, ya sa wa wannan tunani ƙa'ida a takardar da suka fitar tare da Corbet da C. B. Williams a 1943. A daidai wannan lokaci Alan Turing yana fama da irin tambayar a Bletchley Park, inda ake warware saƙonnin sirri na Jamus, kuma mataimakinsa I. J. Good ya buga amsar a 1953: a ƙirga nau'o'in da aka gani sau ɗaya, a raba da jimillar abin da aka kama, sakamakon shi ne yiwuwar kamu na gaba ya zama baƙo. A 1984 Anne Chao ta Taiwan ta fito da hanyar gano mafi ƙarancin adadin nau'o'in da suka ɓuya, daga waɗanda aka gani sau ɗaya da waɗanda aka gani sau biyu kawai. Idan aka ɗora ta a kan lambobin Corbet, sai ta ce aƙalla nau'o'i 94 sun rage a dajin. Wato dai ƙwaron da masu tarawa ke ɗauka tsintuwa ce, shi ne ya fi ba da labarin daji.

Mai suka zai ce wannan duk shaci-faɗi ne da aka sa wa rigar lissafi, kuma yana da hujja mai ƙarfi. Terry Erwin ya fesa maganin ƙwari a kan bishiyoyi 19 masu nau'i ɗaya a Panama, ya tsinci nau'o'in ƙwari dangin buzuzu kimanin 1,200, ya yi ta ninkawa har a 1982 ya ce ƙila duniya na ɗauke da nau'o'in ƙwari miliyan 30. Bincike na baya, musamman a dazukan Papua New Guinea, ya nuna cewa ƙwari ba su cika manne wa bishiya ɗaya kamar yadda ya zata ba, ƙiyasin kuma ya sauko ƙasa da miliyan 10. Amma a duba yadda aka gano kuskuren. Erwin ya shimfiɗa kowane zato a fili, har da cewa bishiyoyin dazukan zafi sun kai nau'i 50,000, don haka masu binsa suka san wace tsintsiya za su zare su gwada. Ƙiyasin ido na kafin Pound ba shi da inda za a kama shi a gyara.

Wani kuma zai ce to a daina ƙiyasi, a ƙirga komai. An gwada. Tun 1980 Stephen Hubbell da Robin Foster suka keɓe hekta 50 a tsibirin Barro Colorado na Panama, suka sa wa duk icen da kaurinsa ya kai santimita ɗaya lamba, itatuwa sama da 200,000, nau'o'i kusan 300, ana sake aunawa duk shekara biyar. Irin wannan fili, mai kimanin hekta 20, yana nan a dajin Ngel Nyaki da ke tsaunin Mambila a jihar Taraba. Aiki ne mai daraja ƙwarai, amma turakun Clements ne aka matsar da su nesa, kuma itace kaɗai ake ƙirgawa a ciki, ban da ƙwari da naman gwari da abin da ke cikin ƙasa. Haka ma gwajin ƙwayoyin gado. Tun 2003, lokacin da Paul Hebert na Kanada ya ba da shawarar gane dabba da ɗan guntun DNA, har zuwa 2008 da masana a Faransa suka gano wani kwaɗo ɗan Amurka a kududdufai daga ruwan da suka ɗiba kawai, ikon ganewa ya ƙaru sosai. Duk da haka kwalbar ruwa ɗiba ce, kuma idan na'ura ta fitar da dogon jerinta, mai bincike yakan fara duba nau'o'i nawa ne suka bayyana sau ɗaya, kamar yadda aka yi da jerin Corbet.