BABI NA BIYU: TARIHIN RATSA ƘASAR AMURKA A KAN KEKE, 1884 ZUWA 1976

2.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi ƙoƙarin bin diddigin tarihin doguwar tafiya a kan keke, wato irin tafiyar da mutum zai tashi daga wannan gefe na ƙasa har ya dire wancan, ba tare da ya dogara da komai ba sai ƙarfin ƙafafunsa. An ɗauki ƙasar Amurka a matsayin misali ne saboda faɗinta, domin daga gaɓar tekun Fasifik zuwa gaɓar tekun Atilantika tafiya ce ta kimanin mil 3,000 ko fiye, gwargwadon hanyar da aka bi. Za a dubi muhimman tafiye-tafiye guda uku, wato ta 1884 da ta 1897 da kuma ta 1976. Abin da babin ke son tabbatarwa shi ne, tarihin wannan tafiya ba ya rabuwa da tarihin hanya. Mahaya keke suna sahun gaba wajen fafutukar neman a gyara hanyoyin ƙasar, amma da aka gyara sai mota ta mamaye su, har sai daga baya masu keken suka dawo ta ƙananan hanyoyin karkara.

2.1 Tafiyar Thomas Stevens ta 1884

Mutum na farko da tarihi ya tabbatar ya ratsa Amurka a kan keke shi ne Thomas Stevens. An haife shi a Ingila a shekarar 1854, ya yi ƙaura zuwa Amurka tun yana saurayi. Ya bar birnin San Faransisko ranar 22 ga watan Afrilu, 1884, ya isa birnin Boston ranar 4 ga watan Agusta na wannan shekara, bayan ya yi tafiyar kimanin mil 3,700.

Kafin a fahimci wahalar wannan tafiya, wajibi ne a san irin keken da ya hau. Keken samfurin Columbia ne na kamfanin Pope, mai ƙatuwar ƙafar gaba da 'yar mitsitsiyar ƙafar baya. Ba shi da sarƙa, domin fedar a jikin ƙafar gaba take. Ke nan duk lokacin da mahayi ya juya feda sau ɗaya, ƙafar ma sau ɗaya take juyawa. Wannan shi ne dalilin da ya sa ake ƙara wa ƙafar girma, don keken ya ci nisa. Ƙafar keken Stevens inci 50 ce, wato kowane juyi yana kai shi tazarar ƙafa 13 ke nan. Sai dai kuma sirdin yana can sama bisa ƙafar gaba, saboda haka da zarar keken ya yi tuntuɓe da dutse ko ya faɗa rami, sai mahayi ya kifa da ka. Haka kuma tayar roba ce zalla, babu iska a ciki.

Babbar matsalar da ya fuskanta ita ce rashin hanya. A yammacin ƙasar babu abin da ke akwai sai sawun kekunan shanu da kuma layin dogo, wanda aka kammala haɗa gabas da yamma da shi a shekarar 1869. Don haka layin dogon nan ne ya zame masa ja-gora. A duwatsun Sierra Nevada ya bi ta cikin rumfunan katako da aka gina don kare layin daga ƙanƙara, sa'an nan ya ratsa hamadar Nevada da Utah da Wyoming, yana samun ruwa da abinci a gidajen ma'aikatan jirgin ƙasa. An ƙiyasta cewa kimanin kashi ɗaya cikin uku na tafiyar a ƙafa ya yi ta, yana tura keken. Guzurinsa bai wuce riga ɗaya ta canji da safa da rigar ruwa da yake shimfiɗawa ya kwanta, da kuma 'yar ƙaramar bindiga ba. A shekarar 1885 ya ci gaba da tafiya daga Ingila, ya ratsa Turai da Asiya, ya ƙare a Yokohama ta ƙasar Japan a watan Disamba na 1886.

2.2 Sabon Keke da Fafutukar Gyaran Hanya

Jim kaɗan bayan tafiyar Stevens aka sami sauye-sauye biyu da suka canza keke baki ɗaya. A shekarar 1885 John Kemp Starley na birnin Coventry a Ingila ya fito da keken Rover, mai ƙafafu biyu kusan kai ɗaya, wanda sarƙa ke juya ƙafarsa ta baya. A shekarar 1888 kuma John Boyd Dunlop, wani likitan dabbobi a Belfast, ya yi wa tayar da ake hura wa iska rajista. Waɗannan abubuwa biyu su suka haifar da keken da aka sani a yau. Hawa ya yi sauƙi, haɗarin faɗuwa ya ragu, mata da dattawa suka shigo cikin harkar.

Da mahaya suka yi yawa, sai kukan rashin hanya ya ƙaru. Tun a shekarar 1880 aka kafa ƙungiyar mahaya keke ta ƙasa, wato League of American Wheelmen, a garin Newport, wadda yawan 'ya'yanta ya haura 100,000 a shekarar 1898. Ƙungiyar ta riƙa buga ƙasidu tana raba wa manoma, tana nuna musu asarar da suke yi idan keken doki ya maƙale cikin taɓo a kan hanyar kasuwa. A 1892 ta fara buga mujalla ta musamman kan gyaran hanya. Da farko manoma ba su amince ba, domin suna ganin za a ɗora musu haraji ne don 'yan birni su sami wurin shaƙatawa. Sannu a hankali aka shawo kansu, musamman da aka kawo tsarin da gwamnatin jiha za ta ɗauki wani kaso na kuɗin aikin. Jihar New Jersey ce ta fara yin irin wannan doka a 1891. A shekarar 1893 kuma gwamnatin tarayya ta buɗe ofishin binciken hanyoyi a ƙarƙashin Ma'aikatar Gona, da kasafin dala 10,000, Janar Roy Stone ya shugabance shi. Wannan ɗan ƙaramin ofishi shi ne tushen hukumar manyan hanyoyin tarayya ta ƙasar. Duk da haka aikin ya yi tafiyar hawainiya, domin ƙidayar da aka yi a 1904 ta nuna cewa daga cikin hanyoyin karkara masu tsawon fiye da mil miliyan 2, kimanin kashi 7 cikin ɗari ne kawai aka yi wa daɓen tsakuwa ko makamancinta.

Akwai wani tabo a tarihin ƙungiyar da bai kamata a tsallake shi ba. A taronta na shekarar 1894 ta zartar da ƙudurin hana baƙar fata shiga cikinta, kuma ba a soke wannan ƙuduri a hukumance ba sai a 1999.

2.3 Tafiyar Sojoji Baƙar Fata ta 1897

Abin lura shi ne, shekara uku kacal bayan wancan ƙuduri, baƙar fata ne suka yi ɗaya daga cikin tafiye-tafiyen keke mafi wuya a ƙarni na 19. Rundunar sojan Amurka ta so ta gwada ko keke zai iya maye gurbin doki, tun da shi ba ya cin ciyawa, ba ya shan ruwa, ba ya haniniya balle abokan gaba su ji. Janar Nelson Miles ya goyi bayan gwajin, aka ɗora alhakinsa a kan Laftanan James Moss na Runduna ta 25 ta sojan ƙasa da ke barikin Missoula a jihar Montana. Sojojin wannan runduna baƙar fata ne, hafsoshinsu kuwa Turawa, kamar yadda tsarin wariyar wancan zamani ya tanada.

Bayan gajerun gwaje-gwaje a 1896, ciki har da zuwa gandun dajin Yellowstone, sai ranar 14 ga watan Yuni, 1897 sojoji 20 suka tashi tare da Moss da likita guda da ɗan jarida guda, a kan kekunan kamfanin Spalding. Kowane soja yana ɗauke da bindigarsa da bargo da rabin tanti da abincin 'yan kwanaki. Sun ratsa jihohin Montana da Wyoming da Dakota ta Kudu da Nebraska da Missouri, suka isa birnin St. Louis ranar 24 ga watan Yuli, wato mil 1,900 ke nan cikin kwana 41.

Su ma, kamar Stevens, layin dogo suka bi, domin a tashoshin jirgi ake ajiye musu abinci. A kan duwatsu sun gamu da ƙanƙara da sanyi. A filayen Montana da Wyoming laka mai danƙo ta riƙa toshe ƙafafun kekunan har sai an kankare ta da wuƙa. A tuddan rairayi na Nebraska kuwa zafi ya tsananta, ruwan yankin mai kanwa ya kwantar da wasunsu, har da Moss kansa. Inda hanya ta gagara, sai su tura kekunan a kan katakan layin dogo. Jama'a masu yawa sun tarye su a St. Louis, amma hukumar soja ba ta ci gaba da gwajin ba. A jirgin ƙasa aka mayar da su Missoula, kuma a 1898 aka tura rundunar yaƙi a Kyuba.

2.4 Zamanin Mota

Hausawa kan ce, kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Hanyoyin da masu keke suka yi ta fafutuka a kansu, mota ce ta ci moriyarsu. A shekarar 1903 Horatio Nelson Jackson ya ratsa ƙasar da mota daga San Faransisko zuwa Niyok cikin kwana 63. A 1908 kamfanin Ford ya fito da motar Model T, wadda farashinta ya yi ta sauka har talaka mai sana'a ya iya saye. A 1916 aka yi dokar da ta ba gwamnatin tarayya damar taimaka wa jihohi da kuɗin gina hanya. A 1919 wani ayarin motocin soja ya yi kwana 62 daga Washinton zuwa San Faransisko, kuma cikin hafsoshin ayarin akwai Dwight Eisenhower. Shi ne, bayan ya zama shugaban ƙasa, ya sa hannu a dokar 1956 wadda ta tanadi gina manyan tituna masu tsawon mil 41,000.

A wannan tsakani keke ya koma abin wasan yara a idon yawancin Amurkawa. An samu kwalta, amma mai keke ya rasa wuri a kanta, domin a jihohi da yawa doka ta hana shi hawa manyan titunan. A da taɓo da rairayi ne abokan gabarsa, yanzu kuwa gudun mota ne.

2.5 Gangamin 1976

A farkon shekarun 1970 kasuwar keke ta sake buɗewa, musamman keke mai giya goma, wanda ya sauƙaƙa hawan tudu. Tsakanin 1972 da 1974 kekunan da aka sayar a Amurka sun fi motoci yawa, ga kuma ƙarancin man fetur na 1973 da ya ƙara jawo hankalin jama'a. A daidai wannan lokaci wasu ma'aurata biyu, wato Greg da June Siple da kuma Dan da Lys Burden, waɗanda suka tashi daga Alaska a kan keke a 1972 da nufin zuwa Ajantina, suka kawo shawarar a yi bikin cikar ƙasar shekara 200 da samun 'yanci ta hanyar ratsa ta a kan keke. Suka kafa ƙungiya mai suna Bikecentennial, suka sa hedkwatarta a Missoula, wato garin da sojojin 1897 suka tashi.

Babban aikin da suka yi shi ne zana hanya. Tun da manyan tituna sun kwashe yawancin motoci masu dogon zango, tsofaffin hanyoyin karkara sun zama shiru, ga su kuma da kwalta. Sai aka harhaɗa su aka fitar da hanya guda mai tsawon kimanin mil 4,250, daga gaɓar teku a jihar Oregon zuwa Yorktown a jihar Virginia, ta ratsa jihohi goma. Wuri mafi tudu a kanta shi ne mashigin Hoosier a jihar Colorado, mai tsayin fiye da ƙafa 11,500. An buga taswirori masu nuna wurin ruwa da kanti da masauki da mai gyaran keke. A bazarar 1976 kimanin mutum 4,100 suka shiga tafiyar, kusan 2,000 daga cikinsu suka kai ƙarshenta. Yawancinsu cikin ƙananan ayari suka tafi, kowane ayari da madugunsa, suna kwana a tanti ko a ɗakunan makarantu da majami'u. Mutanen ƙauyuka ma sun taka rawa. Alal misali, wata mata mai suna June Curry a ƙauyen Afton na Virginia ta fara da ba matafiya ruwa a wannan shekara, daga baya ta mayar da wani gida masaukinsu, ta ci gaba da karɓar baƙi shekaru da yawa kafin rasuwarta a 2012.

Gangamin bai mutu da ƙarewar bikin ba. A 1982 aka amince da wani ɓangare na hanyar a matsayin hanyar keke ta ƙasa mai lamba 76, sa'an nan a 1993 ƙungiyar ta sauya suna zuwa Adventure Cycling Association.

2.6 Naɗewa

Daga bayanan da suka gabata za a ga cewa a kowane zamani hanya ce ke yanke hukuncin wanda zai iya wannan tafiya. A 1884 da 1897 babu hanya sai layin dogo, don haka tafiyar ta zama ta mutum guda mai kasada ko ta soja da aka ba umurni. Bayan fafutukar masu keke ta haifar da hanyoyi masu kyau, mota ta karɓe su fiye da rabin ƙarni. Sai da aka gina wa mota nata manyan tituna, aka kuma zana wa keke taswirarsa, sa'an nan ɗalibai da malamai da mata da dattawa suka iya yin abin da Stevens ya yi shi kaɗai. A babi na gaba za a dubi kayan aiki da guzurin da irin wannan tafiya ke bukata, da yadda suka sauya daga wancan lokaci zuwa yau.