Ganyaye Masu Bauri da Yaƙi da Tsutsar Cikin Tumaki: Matsalar Lokaci a Ƙasar Hausa

Tsakure

Maƙalar ta bi diddigin binciken da aka yi kan tsirrai masu sinadarin tanin da tasirinsu a kan tsutsar cikin tumaki, sannan ta auna sakamakon da yanayin kiwo a arewacin Nijeriya da kudancin Nijar. Hujjarta ita ce, amfanin waɗannan tsirrai a yankin ya rataya ne a kan lokacin da ake ba da su, fiye da nau'in da aka zaɓa.

Gabatarwa

Tsutsar da ta fi yi wa tumaki ɓarna a ƙasashe masu zafi ita ce Haemonchus contortus. Tana zaune a ciki na huɗu, wanda ke gab da hanji, tana tsotsar jini. Kowace ɗaya kan janyo asarar kimanin mililita 0.05 na jini a rana, macen kuma kan saki ƙwai 5,000 zuwa 10,000 a kullum. Ƙwan kan fita da kashi, ya ƙyanƙyashe a ƙasa mai laima, 'ya'yan su hau ciyawa, tunkiya ta haɗiye su. Cikin mako uku sun balaga sun fara nasu ƙwan. Makiyayi ya san alamun: fatar cikin ido ta yi fari, ƙasan haɓa ya kumbura da ruwa, tunkiya tana zama a bayan garke. Akwai kuma Trichostrongylus a ƙaramin hanji, da Oesophagostomum mai haddasa ƙuraje a bangon hanji, waɗanda mahauta kan ci karo da su in suna wankin kayan ciki.

Magungunan kanti sun daɗe da fara gazawa. An fito da tayabendazol a 1961, ba a yi shekara biyar ba aka samu rahoton tsutsar da ta daina jin sa. Ibamektin ya shigo kasuwa a 1981, zuwa 1988 an tabbatar da irin wannan turjiya a Afirka ta Kudu. A wajenmu akwai ƙarin dalili: ana kintata nauyin dabba da ido, ana raba ƙwaya ɗaya ga tumaki biyu don tsimi. Maganin da bai kai kima ba yakan kashe raunanan tsutsotsi ne, ya bar masu taurin kai su hayayyafa.

Abin da gwaje-gwaje suka nuna

A tsakiyar shekarun 1990 masu bincike a Niyu Zilan suka lura cewa 'yan tumakin da ke kiwo a kan tsiron sulla sun fi girma, kuma ƙwan tsutsa ya fi ƙaranci a kashinsu, idan aka kwatanta da waɗanda ke cin alfalfa. Daga nan aikin ya bazu. A Faransa, Hervé Hoste da abokan aikinsa a Tulus sun duƙufa kan Onobrychis viciifolia. A Jami'ar Fort Valley ta jihar Jojiya a Amurka aka mai da hankali kan Lespedeza cuneata. Abin da ya haɗa tsirran shi ne dunƙulallen tanin, sinadarin da ke sa ganye bauri a baki.

Tanin yana manne wa furotin, kuma ta nan yake aiki. Ɗan tsutsar da tunkiya ta haɗiya yana cikin wani ɓawo da dole ya tuɓe a tumbi kafin ya kafu. Tanin na jinkirta tuɓewar ko ya hana ta. Yana kuma rage haihuwar matan da suka riga suka balaga. Ta wani gefen, yana kare wani kaso na furotin ɗin abinci daga lalacewa a tumbi, ya isa hanji, garkuwar jikin dabba ta ƙaru. An tabbatar da cewa tanin ne ke aikin ta hanyar ƙara sinadarin foliyetilin gilaikol, wanda ke ɗaure shi: da an ƙara, sai yawancin tasirin ya gushe.

Sai dai a lura da iyakar abin. Ganyen ba ya share ciki kamar yadda magani mai inganci ke yi. Rage ƙwai yake yi, kuma da an daina bayarwa adadin kan sake hawa. Idan tanin ya haura kimanin kashi 5 cikin 100 na busasshen abinci, dabba kan rage ci, narkewar abinci ta ragu. Ba kowane tanin ba ne kuma yake da wannan aiki. Gwajin da aka wallafa a 2003 daga Zimbabuwe ya nuna cewa Acacia karroo ta rage tsutsa a awaki sosai, alhali bagaruwa ba ta taɓuka abin kirki ba. Wannan zai ba wasu mamaki, ganin majema da ita suke jima saboda yawan taninta, amma akasarin nata daga wani rukuni ne daban, mai wargajewa a ciki, wanda yawansa kan cutar da hanta da ƙoda.

A Afirka ta Yamma, aikin da aka yi a Jami'ar Abomey-Calavi ta Jamhuriyar Benin ya nuna cewa ganyen fasaƙwari da na aduruku suna rage ƙwan Haemonchus ko su dagula rayuwarta.

Saɓanin lokaci

A nan ne lamarin ƙasar Hausa ya bambanta da na Turai. Binciken Ogunsusi da Eysker a Zariya, wanda aka wallafa a 1979, ya nuna cewa da ƙarshen damina 'ya'yan tsutsa kan dakatar da girma, su kwanta a bangon ciki har rani ya wuce. A ranin ne kuwa tumakinmu suka fi cin ganyen itatuwa: 'ya'yan gawo, ganyen kalgo, sabara, marke da magarya. Zafi da bushewa sun riga sun kashe 'ya'yan tsutsar da ke kan ciyawa, don haka baurin yana shiga ciki ne a sa'ad da ba a cika bukatarsa ba.

Da ruwa ya sauka sai al'amarin ya juye. Gonaki sun kama, an ɗaure tumaki a turke ko ana kai su burtali ɗaya kullum, suna cin gajeriyar ciyawa mai raɓa a daidai inda suka yi kashi jiya. Gawo ma a lokacin ya zubar da ganyensa. Watannin Yuli zuwa Satumba su ne ganiyar kamuwa, kuma su ne watannin da abincin tunkiya ya fi rashin bauri.

Mafitar tana cikin wani sakamako da ba a cika kula da shi ba: an gwada Lespedeza da Onobrychis a bushe, har da niƙaƙƙe a dunƙule, tasirinsu bai ɓace ba. Ke nan ana iya tsinkar ganye mai bauri a shanya shi a inuwa, a adana kamar yadda ake adana harawa, a riƙa gauraya shi da dusa tun daga farkon damina. A ganin marubucin, kalgo da sabara sun fi cancanta a fara da su, domin suna tofowa da kansu a gonaki bayan an sassabe, ba sai an sare reshen itace ba.

Gwajin da ya dace a cibiyar binciken dabbobi irin NAPRI da ke Shika shi ne a raba tumakin 'Yankasa rukuni uku a turke: marasa ganye, masu ganye, da masu ganye haɗe da foliyetilin gilaikol. A riƙa ƙirga ƙwai da hanyar Makmasta duk mako biyu, ana auna nauyi, ana duba ido da katin FAMACHA mai launi biyar, wanda aka ƙirƙiro a Afirka ta Kudu. Duk tunkiyar da idonta ya kai mataki na 4 ko na 5 a ba ta magani nan take, a rubuta ta. Yawan waɗanda suka bukaci magani a kowane rukuni shi ne ma'aunin farko da za a duba, kafin adadin ƙwai.