Hukuncin Tuƙi Cikin Maye a Ingila

Jama'ar zongo da ke Manchester da Birmingham, da yawanmu da mota muke cin abinci, wasu tasi, wasu kai saƙo. Shi ya sa muka kawo muku abin da dokar hanya ta 1988 ta tanada.

A Ingila, iyakar barasa ita ce miligiram 80 a cikin mililita 100 na jini, ko maikrogiram 35 a mililita 100 na numfashi. Wanda kotun majistare ta samu ya wuce haka yana tuƙi, ana iya ɗaure shi har wata 6, a ci shi tara marar iyaka, a hana shi tuƙi aƙalla shekara 1. In ya maimaita cikin shekara 10, hanin ya koma shekara 3. Ƙin hura na'urar 'yan sanda ba mafita ba ce, hukuncinsa kusan ɗaya ne. Ko zama a mota da makulli cikin maye na iya jawo ɗaurin wata 3 da tarar fam 2,500. Idan rai ya salwanta, tun Yunin 2022 hukuncin na iya kaiwa ɗaurin rai da rai.

Laifin yana zama a lasisi shekara 11, kuɗin inshora ya hau, kuma yana iya ɓata neman takardar zama ɗan ƙasa. Iyaye, ku ja kunnen yara. Samari, rigakafi ya fi magani. Allah ya kiyaye.