Abit: Kamfanin Allon Kwamfuta da Ya Rufe Ya Bar Masoyansa

Abit kamfani ne na ƙasar Taiwan da aka kafa a shekarar 1989, wanda ya shahara wajen ƙera babban allon kwamfuta, wato abin da masu gyara ke kira madabod. A kan wannan allo ake dasa furosesa da ma'adanar bayanai da sauran kayan cikin na'ura, shi ne kuma yake haɗa su su yi aiki tare. Kamfanin ya daina ƙera alluna a ƙarshen 2008, amma har yau sunansa na fitowa a bakin waɗanda suka saba sayen kaya ɗaiɗai su harhaɗa kwamfutarsu da hannunsu.

Abit bai taɓa kamo Asus ko Gigabyte a yawan ciniki ba. Farin jininsa ya samo asali ne daga wata dabara da ya fito da ita a tsakiyar shekarun 1990 mai suna SoftMenu. Kafin ita, duk mai son sauya gudun furosesa sai ya buɗe akwatin na'ura ya riƙa cire wasu ƙananan hulunan roba yana dasa su a kan tsinkayen ƙarfe, aiki mai cin rai da saurin kuskure. SoftMenu ta mayar da wannan aiki cikin manhajar BIOS, mutum yana zaune ya latsa maɓalli ya gama.

Amfanin hakan ya bayyana sosai a 1998, lokacin da Intel ya saki furosesa mai araha, Celeron 300A. Masu harhaɗawa suka gano cewa idan aka ɗora shi a kan allon Abit BH6, aka ɗaga gudun hanyar bayanai daga megahaz 66 zuwa 100, sai ya tashi daga 300 zuwa 450, ya yi kafaɗa da Pentium II mafi tsada a lokacin. Ɗalibi ko ƙaramin ma'aikaci ya samu ƙarfin na'urar attajiri da kuɗi kaɗan. A shekarar da ta biyo baya kamfanin ya ƙara da BP6, allo mai ɗaukar Celeron biyu a lokaci guda, abin da Intel bai yi nufin a yi da wannan furosesa ba. Daga nan masu saye suka ɗauki Abit a matsayin kamfanin da ke bayansu, ko da hakan ba zai yi wa manyan masana'antu daɗi ba. Wannan ne tushen amanar, ba talla ba.

Gwajin farko ya zo ne da annobar kafasita a farkon shekarun 2000, lokacin da waɗannan ƙananan kayan lantarki suka riƙa kumbura suna tsiyaya a allunan kamfanoni da dama saboda gurɓataccen sinadari. Abit na cikin 'yan kaɗan da suka amsa matsalar a fili, ya kuma koma amfani da kafasita ƙirar Japan. Abin mamaki, wannan bai kori masoyansa ba. Da yawa sun sauya kayan da suka lalace da kansu suka ci gaba da aiki.

Abin da ya girgiza su shi ne tafiyar mutane. A 2003 wani injiniyan Abit, Oskar Wu, ya koma kamfanin DFI, kuma ba a daɗe ba allunan LanParty na DFI suka zama abin yayi a wurin masu ƙure gudun na'ura. Jama'ar da ake zaton ta Abit ce har abada ta bi mai fasahar, ta bar tambarin. A Disamban 2004 kuma kasuwar hannun jari ta Taiwan ta rage matsayin hannun jarin kamfanin bisa shakku kan lissafin kuɗinsa. A 2006 aka sayar da sashen alluna da sunan ga Universal Scientific Industrial, aka koma kiransa Universal abit. Sabon kamfanin ya fitar da IP35 Pro a 2007, allon da ya sha yabo, sai dai yabo bai biya kuɗin gogayya da masu ƙera miliyoyi ba. Dabarar da Abit ya fara, ta riga ta zama ruwan dare a kowane allo.

Ga mai allon Abit a hannu, rufewar tana da farashi. Sabunta BIOS ya tsaya, don haka sababbin furosesa da dama ba su da hanyar hawa tsohon allo, gyara kuma ya koma hannun masu gyara na unguwa da kasuwar kayan hannu.

Ba Abit kaɗai ya fita ba. DFI ya janye daga allunan masu harhaɗawa ya maida hankali kan kwamfutocin masana'antu, Intel ma ya sanar a Janairun 2013 cewa zai daina ƙera allunan kwamfutar tebur. Yau mafi yawan kasuwar na hannun kamfanoni huɗu na Taiwan: Asus, Gigabyte, MSI da ASRock.