Asalin Kuka da Yaɗuwarta

Bahaushe ya ɗauki kuka 'yar gida ce tun fil azal, amma tarihin danginta ya nuna baƙuwa ce. Dangin nan masana suna kiransa Adansonia, don tunawa da Michel Adanson, Bafaranshen da ya ga kuka a Senegal cikin 1749. Iri takwas ne: shida a tsibirin Madagaska, ɗaya a Ostareliya, ɗaya kuwa ita ce tamu ta Afirka.

A da wasu sun zaci daga Afirka suka watsu. Amma binciken ƙwayoyin gado da aka buga cikin 2024 ya nuna a Madagaska dangin ya soma rarrabuwa, shekara wajen miliyan 21 ke nan. Ana kyautata zaton igiyar teku ta kwashi 'ya'yan zuwa wasu gaɓoɓi, gama ƙoƙonsu yakan yi yawo bisa ruwa.

Yaɗuwa ta biyu da hannun mutum aka yi ta. Fatake suka kai kuka Indiya. A ƙasar Hausa kuwa, inda aka tsotsi 'ya'yanta aka zubar da ƙwallayen, nan takan tsiro. Saboda haka mai neman kufan tsofaffin garuruwa sai ya lura da kukoki, don sukan wanzu bayan ganuwa ta rushe.